Gidajen renon yara na coci a Ingila: inda suka faro da abin da ya ƙanƙantar da su

"Malam, na samu aiki a wani gidan renon yara a Ingila, yara huɗu ne kacal a ciki. A jikin bango akwai dutse da aka rubuta cewa coci ne ya kafa wurin, kuma an ce da can yaran sun fi ɗari. Jefi-jefi wasu tsofaffi kan zo bakin ƙofa su ce a nan suka tashi. Wata ta ce ba ta taɓa jin daɗi a rayuwarta kamar zamanta a nan ba. Wani kuma ko shiga ya ƙi yi, yana tsaye jikinsa na ɓari. Mene ne tarihin irin waɗannan gidaje, kuma wa zan gaskata a cikinsu?"

'Yar'uwa, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Tambayarki biyu ce a haɗe: yadda aka yi coci ya shiga renon 'ya'yan mutane har gidan yara ɗari ya koma na huɗu, da kuma yadda gida ɗaya zai zama inuwa ga wata, ya zama abin firgici ga wani. Amsar ta biyun ba ta da tsawo, ki gaskata su duka. Amma sai kin ji tarihin za ki ga dalilin da ya sa ba ɗayansu da ya yi ƙarya. Na daɗe ina aikin walwalar yara a Ingila, kuma wani ɓangare na aikin shi ne zama da manyan da suka tashi a irin gidajen nan ranar da suka zo karanta fayil ɗinsu. Daga can nake magana. Sikotlan da Ayalan suna da nasu dokoki da nasu labari, sai dai in ɗan taɓa su in wuce.

Abin da ake gudu

A Ingila ta ƙarni na 19, yaron da iyayensa suka gaza ba shi da wurin zuwa sai gidan aikin matalauta. Dokar talakawa ta 1834 da gangan ta tsananta zaman waɗannan gidaje, don kada kowa ya nemi taimakon hukuma sai wanda ya rasa yadda zai yi. Daga shiga ake raba miji da mata, a raba uwa da ɗa. Saboda haka yara da yawa suka gwammace kwanan titi. Cikin 'yan shekaru kaɗan sai ga masu addini sun tashi: Thomas Barnardo ya buɗe gidan samarinsa a gabashin Landan a 1870, Edward Rudolf ya kafa ƙungiyar cocin Ingila a 1881, wadda yau ake kira The Children's Society. Katolika ma suka buɗe nasu, kuma cikin abin da ya zaburar da su har da tsoron kada 'ya'yansu su tashi a hannun wata ɗarika. Wannan gasar ɗariku ba ƙaramar rawa ta taka ba wajen yawan gidajen.

Wanda zan bi da ke sawunsa shi ne na ɗarikar Metodis, don a nan ne tunanin ƙaramin gida ya fi fitowa fili. Thomas Bowman Stephenson matashin limamin coci ne a unguwar Lambeth ta Landan. A watan Yuli na 1869, shi da abokansa biyu, Alfred Mager da Francis Horner, suka kama hayar wani ɗan gida kusa da Waterloo, suka fara da yara maza biyu. Ya sa masa suna Gidan Yara kawai, ya sa mata da miji su zauna da su a matsayin uwa da uba. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba. Johann Hinrich Wichern ya riga ya gwada ta a Hambug ta Jamus tun 1833, inda ya raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowace da gidanta da babbanta. Stephenson ya ga cewa yaro ba ya gyaruwa a bariki, sai a wurin da wani ya san sunansa, ya san abin da ke sa shi kuka.

Sai dai buƙata ta fi ƙarfin ɗan gida ɗaya. A 1871 suka koma titin Bonner a Bethnal Green, aka fara karɓar 'yan mata. A 1872 wani attajirin masaƙa, James Barlow, ya ba su fili a Edgworth kusa da Bolton, tudu ne mai sanyi da duwatsu, kuma yaran da kansu suka yi aikin share shi. A 1873 aka buɗe reshe a Hamilton ta Kanada. A 1908 sunan ya koma National Children's Home and Orphanage, a 1913 aka kwashe na titin Bonner zuwa garin Harpenden a arewacin Landan, inda aka jera gidaje kewaye da wani fili. Wannan ƙungiya ce ake kira Action for Children tun 2008.

Ki lura da abin da ya faru a nan, don shi ne ginshiƙin maganar. Sunan "iyali" bai canza ba, amma iyalin ya kumbura. Gida ɗaya ya koma ɗaukar yara ashirin ko fiye, maza daban mata daban, ƙarƙashin mace ɗaya ko biyu da ake kira Sista. Wurin yana da cocinsa, makarantarsa, gonarsa, ɗakin shan magani, wurin gasa burodi da wurin koyon sana'a. Yaro zai iya shekara goma bai taɓa shiga kanti ya sayi abu da hannunsa ba. Ana koya wa maza aikin gona, kafinta, ɗab'i ko gyaran takalmi, mata kuwa galibi aikatau ake shirya su yi. Dole a yaba wa Stephenson a kan abu guda: tun 1878 ya fara horar da matan da za su riƙe yaran, a zamanin da ake ganin reno ba ya buƙatar koyo. Da yawa cikin Sistocin nan ba su yi aure ba, sun ƙarar da ƙuruciyarsu a kan 'ya'yan wasu da albashin da bai taka kara ya karya ba. Tsohuwar da ta ce miki nan ta fi jin daɗi, in kika zauna da ita, ina kyautata zaton sunan mace ɗaya za ta yi ta ambata.

Akasarinsu ba marayu ba ne

Wannan shi ne abin da ya fi girgiza mutane idan suka buɗe fayil. An saba cewa gidan marayu, amma yawancin yaran suna da uwa ko uba a raye. Uba ya mutu uwa ta kasa biyan haya. Uwa ta kwanta tarin fuka, uba na aiki dare da rana. Yarinya ta haihu ba aure, danginta suka ce ba a gidansu ba. Talauci da kunya su suka cika gidajen nan fiye da mutuwa.

Masu gidajen kuwa sun yi imani cewa ceton yaro shi ne a raba shi da inda ya fito. A ganinsu unguwar ce cutar, iyayen ma wani lokaci su ne cutar. Saboda haka ake taƙaita ziyara, ake karanta wasiƙa kafin ta kai ga yaro, ake raba wa da ƙanwa don dokar gida ta ce maza can, mata can. Dokar riƙon yara ta 1891 ta ba kotu ikon hana iyaye karɓar ɗansu idan aka ga sun yi watsi da shi, kuma rigingimun Barnardo da iyaye a kotu na cikin abin da ya jawo ta. Ga inda na tsaya a kan wannan: sun gane cewa yaro na buƙatar iyali, amma suka ɗauka za a iya ƙera masa sabo ta hanyar yanke tsohon. Ba a iyawa. Na zauna da wani dattijo mai shekara saba'in da wani abu, yana juya takardun fayil ɗinsa, sai ya iske wasiƙu uku maƙale da allurar da ta yi tsatsa har ta ɓata takardar. Rubutun mahaifiyarsa ne, tana tambaya ko takalmin da ta aiko ya yi masa daidai. A gefe wani ya rubuta da fensir cewa ba a ga amfanin ba shi ba, kada hankalinsa ya tashi. Tun yana yaro abin da ya sani shi ne ta yar da shi ta manta. Bai yi kuka ba. Ya dai tambaye ni ko zai iya tafiya da ainihin wasiƙun, ba kwafi ba.

Ƙarshen wannan tunani shi ne tura yara ƙetare. Daga 1869 zuwa shekarun 1930 an kai yara kimanin 100,000 Kanada daga Birtaniya, yawancinsu suka ƙare a aikin gona da aikatau. Bayan yaƙin duniya na biyu aka ci gaba da kai wasu, galibi Ostireliya, har zuwa 1970. Ƙungiyoyin coci na ɗariku daban-daban suna ciki. An gaya wa wasu yaran iyayensu sun mutu alhali suna raye. Wata ma'aikaciyar walwala a Nottingham, Margaret Humphreys, ita ta tono maganar, ta kafa ƙungiyar haɗa su da danginsu a 1987. Firayim Ministan Ostireliya Kevin Rudd ya nemi gafara a 2009, Gordon Brown na Birtaniya ya nema a 2010.

Yadda ɗari ya koma huɗu

A 1944 wata mai fafutukar walwalar yara, Lady Allen ta Hurtwood, ta rubuta wasiƙa a jaridar The Times tana kokawa da halin da yaran gidajen reno ke ciki. A Janairun 1945 wani yaro ɗan shekara 12, Dennis O'Neill, ya mutu a wata gona a Shropshire saboda duka da yunwa. Ki riƙe wannan: ba a gidan reno ya mutu ba, a hannun masu riƙo ya mutu, waɗanda hukuma ta damƙa musu shi ba ta bi sawu yadda ya kamata ba. Ina yawan tuna wa sababbin ma'aikata haka, don kada su ɗauka cewa matsalar gini ce. Kwamitin bincike da gwamnati ta kafa bayan haka, ƙarƙashin Myra Curtis, ya zagaya wurare sama da 400, ya fitar da rahoto a 1946 a kan yara kusan 125,000 da ba sa hannun iyayensu. Sun ga wurare masu kyau, sun ga na ƙazanta. Amma abin da ya fi damunsu shi ne ko a inda abinci da tsabta suka wadata, yara na rububin baƙo suna neman ya taɓa su, don ba wanda yake nasu. Suka ce a fifita ɗaukar yaro ya zama ɗan gida, sai riƙo, gidan reno ya zo a ƙarshe, kuma kada ya wuce yara goma sha biyu, takwas ya fi.

Dokar yara ta 1948 ta ɗora wa kowace ƙaramar hukuma kafa sashen yara da jami'insa, ta kuma wajabta wa gidajen ƙungiyoyi yin rajista da karɓar masu duba aiki. Daga nan coci ya daina zama mai cin gashin kansa. Sannu a hankali ya zama mai karɓar yaran da hukuma ta turo tana biyan kuɗinsu. Rahoton da likita John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951, a kan illar raba ƙaramin yaro da mai renonsa, ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi.

A shekarun 1950 da 1960 ne aka samu ainihin ƙaramin gidan reno irin wanda ya haifi naku: gida kamar na kowa a cikin unguwa, ba allo a ƙofa, yara shida zuwa goma maza da mata, don 'yan'uwa su zauna tare. Mace ce ke riƙe gidan, mijinta na fita aikinsa da safe ya dawo da yamma, yaran na zuwa makarantar unguwa. A nan ma aka raba tsofaffin manyan gidaje zuwa ƙananan sassa. Tsarin ya fi na da nesa ba kusa ba, amma yana da rauninsa. Komai ya rataya a wuyan mace ɗaya da ba ta da hutu. In ta gaji ta ajiye aiki, "iyalin" ya watse a mako guda. In kuma ita ko mijinta mugaye ne, ƙofa a rufe take, ba abokin aikin da zai gani.

Sauran labarin gajere ne. Matan da za su sadaukar da rayuwa kamar Sistoci suka yi ƙaranci, aka koma aikin karɓa-karɓa da albashi, kuɗin riƙe gida ya haura. Kunyar haihuwa ba aure ta ragu, tallafin gwamnati ya sa uwa na iya riƙe ɗanta. Ƙananan yara suka koma hannun masu riƙo, gidajen reno suka rage wa matasa masu raunuka masu zurfi. Gidan Harpenden ya rufe a 1985. Manyan ƙungiyoyin cocin suka karkata ga taimakon iyali tun kafin ya rushe. Dokar yara ta 1989 ta ce a yi aiki tare da iyaye, a kiyaye zumuncin yaro da danginsa, wato akasin abin da aka faro da shi. A farkon shekarun 1990 aka haramta duka a gidajen reno, tun 2007 kuma hukumar Ofsted ke duba su. Yau yaran da ke hannun hukuma a Ingila sun haura 80,000, kusan kashi biyu cikin uku suna wurin masu riƙo, kuma mafi yawan gidajen reno kamfanoni masu neman riba ne ke da su, ba coci ba. Wannan ma abin dubawa ne, don inda aka buɗe gida sau da yawa arhar gini ce ke zaɓa, ba kusancin yaro da danginsa ba.

Mutumin da ya ƙi shiga

Binciken da aka yi a Ayalan wanda ya fito a 2009, da na Ayalan ta Arewa a 2017, da babban binciken Ingila da Wales da ya kammala a 2022, duk sun tabbatar da duka, wulaƙanci da lalata da yara a wuraren da ke ƙarƙashin coci da na hukuma. Wani abu ya yi ta maimaituwa: yaro ya faɗa ba a yarda ba, aka fifita sunan ƙungiya a kan lafiyarsa, aka sauya wa mai laifi wurin aiki a maimakon kai shi ga 'yan sanda. A gidan coci akwai ƙarin nauyi, domin wanda ke cutar da kai shi ne ke ja maka addu'a, kuma duk gari na ganinsa bawan Allah. Wa yaro zai gaya wa?

Ban yarda da masu cewa addinin ne ya jawo ba, ban kuma yarda da masu cewa addinin ya hana ba. A abin da na gani, abubuwa huɗu ne ke raba gida mai daɗi da mai azaba: yawan yaran da ke kan babba ɗaya, daɗewar wannan babban bai sauya ba, ko akwai wani daga waje da ke ganin yaron shi kaɗai, da ko an bar shi da danginsa. A fili ɗaya, a shekara ɗaya, gida na uku zai iya zama na Sista mai tausayi, gida na biyar kuma na wadda ke rataya wa mai fitsarin kwance zanin gadonsa a ka a gaban 'yan'uwansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ki ɗauki daɗin da tsohuwar ta ji ki auna maganar dattijon da shi, kada kuma ki sa ta ji kunyar ƙaunar wurin da ya raine ta.

In suka sake zuwa, ga abin da zan ba ki shawara. Gidan yanzu na yara huɗun nan ne, ba a shigar da baƙo sai da izinin shugabar gida da shiri tun kafin ranar, amma ana iya faɗin haka da mutunci, a karɓi lambarsa, a cika alkawarin kira. Ki sanar da su suna da haƙƙin ganin fayil ɗinsu. Wani da ya tashi a hannun hukumar Liverpool, Graham Gaskin, shi ya kai maganar har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ya yi nasara a 1989. Yau ƙarƙashin dokar kare bayanai mutum zai rubuta wa ƙungiyar da ta riƙe shi, ko wadda ta gaje ta, da ƙaramar hukumar da ta kai shi. A ƙa'ida kyauta ne, kuma wata guda ake ba su su amsa, ko da yake tsofaffin fayiloli kan ja lokaci. A gaya musu tun da wuri cewa za su iya samun shafi ɗari biyu, za su iya samun kati ɗaya, don gobara, ƙaura da sakaci sun ci da yawa. Za su ga an shafe sunayen wasu da baƙin tawada. Za su ga kalmomi masu zafi a kan iyayensu, irin su "malalaciya" ko "marar tarbiyya", waɗanda ra'ayin marubucin ne, ba hukuncin kotu ba. Kada mutum ya buɗe shi shi kaɗai da dare. Idan kuma wani ya fara ba ki labarin cin zarafi, ki saurara, kada ki yi masa tambayoyin bincike, ki rubuta da kalmominsa, ki kai wa jami'in kare yara na wurin aikinki a ranar. A Ingila manyan laifukan lalata ba sa tsufa a gaban shari'a, kuma mai yiwuwa wanda ake zargin yana raye kusa da wasu yara.

Tarihin ginin naku kuwa, sunan da ke jikin dutsen shi ne mabuɗi. Ki nemi ɗakin adana tarihi na ƙungiyar da na gundumar, inda ake samun rahoton shekara-shekara, mujallun tara gudummawa, littafin shiga da fita da hotuna. Bayanan da suka shafi yara a kan rufe su ga jama'a har shekara ɗari. Ki karanta mujallun da lura, don an rubuta su ne a motsa zuciyar masu ba da sadaka, yaro mai tsumma a shafin hagu, mai kwat a na dama. Ƙungiyoyin tsofaffin 'yan gida, waɗanda da yawansu ke haɗuwa a Facebook, su za su gaya miki abin da takarda ta tsallake.

Littafin da kike cikewa kowane dare ma yana cikin wannan tarihi. Doka ta ce a ajiye bayanan yaro har shekara 75 daga ranar haihuwarsa. Tsofaffin fayilolin da na gani cike suke da nauyin jiki, ranar allura da laifuffuka, kuma abin da masu karatun ke nema da ido rufe shi ne layin da zai gaya musu wane irin yaro ne su. Idan yarinya ta fasa kofi don an soke ziyarar mahaifiyarta, ki rubuta sokewar tare da fasawar. Idan yaro ya koyi hawan keke, ki rubuta ranar da wanda ya riƙe masa sirdi, ki sa hoton a fayil da sunayen waɗanda doka ta yarda a ambata a bayansa.